Janyewar da Ta Riga Isa

Sanda ta uku ce ta kai Bappa Muntari ƙasa, a bakin kasuwar Kibiya, da hantsi. Lubabatu ta kutsa cikin taron, waya a sama, mayafinta na jan ƙasa.

"Ba shi ba ne! Wallahi ba shi ba ne! Ni na saka hoton!"

"To ai ga shi a shafinku, Malama," in ji wani mahauci, yana dangwara mata tasa wayar. "Ɓarawon shanun Rurum. Ko ƙarya kuke rubutawa?"

Ya hankaɗe ta. Wani ya sauke wa Bappa bulo a ka.

Lubabatu ce ke kula da shafin labaran yankin. Da safe wakilinsu ya turo labarin sata da hoton da ya tsinta a waya. Ta danna wallafawa, sannan ta gane fuskar maƙwabcinta Bappa, wanda ya riƙa goya ta a keke zuwa firamare. Nan take ta danna janyewa. Allon ya nuna alama koriya, ta yi ajiyar zuciya ta tashi wanki.

Ashe shafin ba ya jiran amsa, kowane saƙo tafiyarsa yake shi kaɗai. Janyewar ba ta da nauyi, ta riga isa, ba ta tarar da komai ba. Labarin mai hoto ya ja ƙafa saboda raunin sabis, ya iso daga baya ya zauna daram.

A bakin kasuwar, ta faɗa kan Bappa ta rufe shi da jikinta. Sanda biyu ta sha a gadon baya.

"Luba," ya ce, jini a haƙoransa, "me na yi musu?"

Bai kai asibiti ba.

Ranar sadakar uku ta shiga gidan makokin, mata na zunɗenta, kanta a ɗage. Ta durƙusa gaban Fanta, matarsa.

"Inna, hannuna ne. Ba zan laƙaba wa na'ura ba."

Fanta ta dubi bayanta.

"Bayan naki ya warke?"

"Bai warke ba."

"To, tashi ki zauna a tabarma."

An ce Lubabatu ta bar aikin, ta ƙi. Ta gyara shafin, maɓalli ba ya sake dannuwa sai amsar farko ta dawo. Yanzu in ta danna, sai ta naɗe hannu tana kallon ɗan zoben jira yana juyawa a allon. Daga tagarta tana hango keken Bappa jingine da katanga, tayar baya ta sace.