An Ɓoye wa Garland Hula

"Ina hulata? Na ce ina hulata!"

Garland Tibbs ya hankaɗe benci, ya zazzage kwandon tawul a ƙasa, ya shure robar ruwa ta fantsama a ƙafar masu ɗaukar hoto. Ma'aikatan ƙungiyar duk sun zuba wa fili ido kamar kurame, alhali kowa ya san inda hular take. Haka ake yi a wannan wasa na ƙwallon Amurka: da zarar likita ya ce ɗan wasa ya bugu a kai, sai a ɗauke hular kwanonsa a kulle a akwati, tunda ba mai shiga fili kai ba hula.

"Garland, zauna," in ji Dakta Vance, likitar ƙungiyar. "Ka gama na yau."

"Ke kin taɓa riƙe ƙwallo? Lafiyata ƙalau! Nuna min yatsu in ƙirga miki."

"Na nuna maka ɗazu a tanti."

Bai tuna an shiga da shi wani tanti ba, amma bai tsaya kan wannan ba. Ya wuce ta ya nufi Koci Rudnick.

Dole ransa ya ɓaci. Shekara goma sha shida shi ne mai jifar wannan ƙungiya, kowace ƙwallo sai ta bi ta hannunsa. Ya same ta a can ƙasan teburin gasa, lokacin da mutanen garinmu ke zuwa kallo da jakar takarda a fuska don kunya. Shi ya kai ta wasan ƙarshe sau biyu, ya ɗauko mana kofin da ba mu taɓa gani ba sai a talabijin. Ya yi wasa da karyayyen yatsa, ya yi da haƙarƙari a tsage, ana danna masa allura ana tura shi fili. Da gwiwa ta fara ciwo kuma, sai masu ƙungiyar suka kira shi ofis suka ce sun gode, ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Mutanen banza. Yau ne wasansa na ƙarshe, kuma jifar ci guda ɗaya tak ta rage masa ya zarce duk wani mai jifa da ƙungiyar ta taɓa yi.

Ɗazu, saura 'yan taku su kai layin ci, wani ƙaton mai tsaron baya ya zo masa ta inda ba ya gani, ya maka shi da ƙasa, ƙeyarsa ta daki daskararren fili. Garland ya tashi da kansa. Ya tara mutanensa ya faɗa musu salon wasan da za a yi, aka jeru, ya sa hannu a ƙarƙashin Otis Mabry, wanda shekara goma sha ɗaya yake duƙawa yana miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Sai Otis ya saki ƙwallon ya miƙe tsaye, ya nemi a tsayar da wasa, ya nuna wa alƙalin wasa Garland da yatsa a gaban mutum dubu sittin.

"Koci, ka ce su ba ni hulata. Jifa ɗaya, in fito da ƙafata."

Rudnick bai ko cire na'urar saurare daga kunnensa ba. "Ba a hannuna yake ba, Garland. Doka ce."

"Doka? Yau ka san doka? Sau nawa na zo maka ina ganin fili biyu ka ce in sha ruwa in koma? Da da buƙatata a baɗi, da yanzu da kanka ka sa min hular!"

Rudnick ya juya masa baya ya ci gaba da magana da wanda zai maye gurbinsa.

Mutum biyu suka raka shi ɗakin sauya kaya. Yana zaune da kayan wasa a jikinsa ya ji rufin ya ɗauki ihu, ƙafafu na dukan benaye. An ci. Wani ne ya jefa ƙwallonsa, daga daidai inda aka ɗauke shi, kuma garin da ya ba wa ƙuruciyarsa yana can yana tafi. Ya ɗauki kujera ya wurga ta jikin bango.

Matarsa Loretta ta sauko daga wurin 'yan kallo, ta zauna kusa da shi ba ta cire rigar sanyi ba. Ta kai hannu ƙeyarsa, ya ture.

Da aka tashi 'yan wasa suka shigo da hayaniya, suna ganinsa kowa ya nufi wurin kayansa. Otis ne ya shigo ƙarshe, yana jan ƙafa, tururi na tashi daga sanƙonsa.

"Zo nan, tulu," in ji Garland. "Zo ka kalle ni."

Otis ya zo ya tsaya. "Tsoho, yaya kan?"

"Kar ka ce min Tsoho, maci amana! Ni za ka tona wa asiri? Wa ya roƙi a bar ka a ƙungiyar nan lokacin da suka ce ka yi ƙiba? Wa ya riƙe ɗanka a coci ranar baftisma? Kowace Disamba ina saya muku kyauta, ku biyar ɗin da ke gabana. Agogon da kake taƙama da shi, ubanka ne ya saya?"

"Kai ka saya. Don ina kare ka."

"Wannan ce kariyar? Jifa ɗaya, Otis! Ƙiftawar ido!"

"Ka san wasan da ka kira mana?" Muryar Otis ma ta fara tashi. "Wasan tsohon koci ne, mun daina shi tun kafin rabin yaran nan su zo. Ka ce Dupree ya ruga hagu. Dupree yana garin Tulsa yana sayar da motoci, shekara bakwai ke nan! Na ce bari dai in gani. Da ka sa hannu a ƙasana, na ji shi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na san hannunka fiye da matarka, yi haƙuri Loretta. Wancan ƙaton yana jira ya sake zuwa, kai kuma ba ka san ma wace shekara muke ba. In miƙa maka ƙwallo ya kashe ka? Ba da ni ba."

"Kaina ne ko naka?"

"Naka ne. Ƙwallon kuma a hannuna take."

"Ƙarya kake, ban kira wani Dupree ba!" Garland ya duba fuskokin sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Wannan ya ƙara tunzura shi. "To ka ji: daga yau ba ni ba kai. Ko gawata kar ka zo."

Dakta Vance ta leƙo ta ce asibiti na jiransa a ɗauki hoton kai. Ya ce shi ba zai shiga motar marasa lafiya a gaban 'yan jarida ba, sai Loretta ta ɗauko tasu. Otis bai nemi izinin kowa ba, ko wanka bai yi ba, ya buɗe baya ya cusa jikinsa. Garland ya zage shi tun daga wurin ajiye motoci har babban titi, sannan ya gaji ya jingina kai da gilashi.

Cunkoson 'yan kallo ya riƙe su. Wasu samari suka wuce sanye da riga mai lambarsa, suna busa ƙaho. Ya bi su da ido.

"Loretta," ya ce, muryarsa ta yi laushi. "An tashi ne? Mun ci?"

Ta ƙanƙame sitiyari. "Kun ci."

Ya waiwaya, ya ga Otis, fuskarsa ta washe. "A'a, tulu, kana nan? Jifar fa? Na samu?"

Loretta ta kalli Otis ta madubi, idonta ya cika, tana roƙonsa da kai ya ce e, ko don su isa asibiti lafiya. Otis ya kalli manyan hannayensa. Sannan ya gyara zama, kamar yadda yake yi idan ya ga ƙato ya taho.

"Ba ka samu ba, Tsoho," ya ce. "Ni na tsayar da wasan."