Inda Zaren Yake Tsinkewa

Mai Agogo ya ja sandar fatsa baya, ya wurga da ƙarfi, sai ya ji tas! Darma da ƙugiya suka tashi sama su kaɗai, suka je can tsakiyar dam suka faɗa tsulum. Zaren ya dawo yana lilo a bakin sanda, ba komai a jikinsa.

Karo na huɗu ke nan tun hantsi.

"To, madalla," in ji Saje, tsohon ɗan sandan da suke zuwa fatsa tare duk ranar hutu. Yana zaune a kan dutse, karfasa uku na mutsu-mutsu a bokitinsa. "Mu muna ba kifi tana, kai kana ba su ƙarfe. In ka ci gaba haka, kifin dam ɗin nan sai da maganaɗisu za a riƙa kamo shi."

Mai Agogo bai yi dariya ba. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran agogo a rumfarsa ta bakin kasuwa, kuma abin da sana'ar ta koya masa shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Ya zauna ya bi abin daki-daki.

Ya fara da zobban da zare ke ratsawa a jikin sanda. Ya zura ƙyallen goge tabarau cikin kowanne, don in akwai tsaga mai yankan zare, ƙyallen zai maƙale. Bai maƙale ba. Ya duba kwarkwaron naɗi ko zare ya harɗe a ciki, ya tarar lafiya lau. Ya ce to ko darmar ce ta yi nauyi, ya zaɓi ƙarama. Ya warware kamu goma na saman zaren ya yanke ya yar, ko rana ta cinye shi. Sannan ya sake ɗaurawa, ya miƙe, ya wurga.

Tas!

"Ko dai ka sassauta hannu?" in ji Saje. "Ba fa jifan ɓarawo kake yi ba."

"Haka nake wurgawa tun kana fareti."

"To zaren ne. An haɗa ka da kwantan kaya."

Maganar ta zauna masa, don shekaranjiya ya sayi zaren. Ya naɗe kayansa ya hau bas zuwa kasuwa, sanda a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, yana ta shirya baƙar maganar da zai faɗa.

Shagon kayan kamun kifin ɗan tsukuku ne, raga na rataye har kan mutum, ko'ina warin roba. Mai shagon mutum ne mai sanyin hali. Ya bar Mai Agogo ya zazzage faɗansa tsaf, sannan ya warwaro zaren, ya naɗa shi a jikin guntayen katako biyu, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Zaren ya yi ƙara kamar tsirkiya, amma bai tsinke ba.

"Baba, ba ni bakin da ya tsinke in gani."

Ya ɗaga shi wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Madubin aikinka na nan? Sa a idonka ka duba da kanka."

Mai Agogo ya laluba aljihu, ya maƙala madubin a ido. Bakin zaren ya murɗe, ya nannaɗe kamar gashin jariri.

"Zaren da ya tsinke, bakinsa a miƙe yake, ko a tsattsage," in ji mai shago. "Wannan ba tsinkewa ya yi ba. Ƙullin ne ya zame."

"Ƙullin wa?"

"Wa ya ɗaura?"

"Kai, yaro, ina wannan ƙullin tun ba a haife ka ba."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ga ƙugiya, ɗaura mu gani, wataƙila ni ne ban fahimta ba."

Mai Agogo ya karɓa. Ya zura zare a hancin ƙugiya, ya kama bakin da babban yatsa da manuni, ya fara naɗawa, idonsa na kan mai shago, yana lissafi da ƙarfi don ya ji. "Ɗaya. Biyu. Uku." A na huɗu ya ga mutumin ya kawar da kai, kamar wanda ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Ya sunkuya ya duba.

Bakin zaren na kwance a kan kantar shagon. Yatsunsa biyu a matse suke gam, suna ta zagaya ƙugiya, ba komai a tsakaninsu.

Ya sake ɗauka, wannan karon yana kallo. Ya naɗa, ya zura, ya ja. Mai shago ya karɓa ya ɗan fizga, ƙullin ya sulale sumul.

"Wataƙila gajiya ce," in ji mai shago a hankali. "Ko sanyin ruwa. Akwai ƙugiyoyi masu zuwa a ɗaure, maƙalawa kawai za ka yi."

Mai Agogo ya juya. Ya fito, har ya yi nisa aka biyo shi da sandarsa.

Ƙafarsa ce ta kai shi rumfarsa, ko da yake ba ranar aiki ba ce. Ya buɗe kwaɗo, ya zauna a kan kujerarsa. Agogunan bango na ta tafiya, kowanne da nasa lokacin. A cikin faranti ga agogon hannu na wata malamar makaranta, bayansa a buɗe, kwana tara ke nan. Sau biyu tana zuwa yana ce mata kayan gyara ba su iso ba. Alhali ba abin da ake jira. Wata 'yar mitsitsiyar ƙusa ce ta yi ta suɓuce masa. Ya ce hantsaki ne ya saki, ya sayi sabo. Ya ce ƙwan fitila ne ya dushe, ya canza.

Ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur. Na hagu ya ji sanyin gilashi. Na dama ma ya ji, amma ban da yatsu biyun nan, su kamar an naɗe su da tsumma. Ya matsa su, ya yarfe su, ya hura musu iska. Ba ciwo, ba kumburi, suna lanƙwasuwa yadda ya so. To mene ne ya lalace? Tun yaushe? Da agogo ne, da ya san ta inda zai buɗe.

Da la'asar ya isa gida. Matarsa na zaune a tsakar gida tana ɗinke bakin matashin kai. Ta kalli bokitin da ba komai, ta kalle shi.

"Sannu da zuwa. Yau kifin sun tafi hutu ne?"

"Zaren ne," ya fara. "Wato ba zaren ba. Mai shago ya ce... ni dai na ɗaura. Na san na ɗaura."

Ta ajiye matashin. "Zauna, Baban yara. Miƙo hannunka. Ba wannan ba, na dama. Rufe ido."

"Wasan me kuma za mu yi da tsufanmu?"

"Rufe dai."

Ya rufe. Ya ji tafin hannunta a wuyan hannunsa, da ɗumi. Ya ji rediyon maƙwabta, ya ji famfo na ɗiga a bokiti. Ya yi ta jira.

"To, yi abin da za ki yi mana."

"Buɗe."

Ɗigon jini ne a kan babban yatsansa, ja wur, kamar ƙwayar dutsen ado. Allurar na hannunta. Ya zuba wa jinin ido, yana sauraron zafin ya iso. Bai iso ba.

"Wata biyu ke nan kana fita da maɓallin wuya a buɗe," ta ce. "Kai da ko zafi ake kamar wuta sai ka ɓalla shi. Kofin shayi uku ka fasa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Ka ce kofin ne ke da santsi."

Ta goge masa yatsan da bakin zanenta, ta riƙe shi ba ta saki ba. Ya kalli hannunsa a cikin nata, kamar kayan wani da aka kawo masa gyara.

"Katina na asibiti," ya ce daga bisani. "Ban ma san inda na jefa shi ba. Sai an zazzage durowa."

"Ba sai an zazzage ba," ta ce, ta ɗauki matashinta ta ci gaba da ɗinki. "Sati uku ke nan yana cikin jakata."