Gahawar da Baba Ya Soya

Shekara biyu ke nan da rufe kamfanin gahawar da Baba ya yi wa aikin suya shekara ashirin da takwas. Tun daga nan ya zama maigadin kujerar falo, ba ya ciwo, ba ya kuma da lafiya. Shi ya sa da aka buɗe sabon shagon gahawa a ƙarshen layinmu, na ga takarda a ƙofa ana neman mai suya, ban tsaya shawara da kowa ba. Na goge masa riga, na tasa shi gaba.

Shagon ɗan ƙarami ne. Tebur huɗu, buhuna jingine da bango, sai injin suya a kusurwa, wanda Baba ya kalla ya ce ko jikan na kamfaninsu bai kai ba. Mai shagon matashiya ce, da ƙyar in ta girme ni. Ta kawo mana gahawa a ƙananan kofuna. Baba ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya raɗa mini, "Wannan ai ɗanya ce."

Na taka masa ƙafa.

Da na gaya mata abin da ya kawo mu, mai shagon ta ce, "Baba, ga kilo ɗaya, ku gwada mu gani."

Wallahi da ya tsaya gaban injin nan sai na ga ubana ya dawo. Ya zuba ƙwayar gahawar, ya goya hannu ɗaya a baya, ya kasa kunne. Can ta fara fashewa, ƙas-ƙas. Mai shagon ta matso.

"Baba, ta yi fa. A nan muke saukewa."

"Ke dai bari, 'yata. Yanzu ma ta fara."

Abin da ya iya ke nan. A kamfaninsu, ƙwaya mai kyau da marar kyau tare ake zubawa, a soya su baƙi ƙirin don kada harshe ya bambance. Ita kuwa baiwar Allahn nan don ɗanɗano ta zaɓo ƙwayarta, kuma yana ƙone mata shi tana kallo. Ni da ban san komai a sana'ar ba na karanta haka a fuskarta. Shi ko ɗagowa bai yi ba.

Ƙauri ya cika shagon. Wani mutum ya ɗauki kwamfutarsa ya koma waje yana tari. Sai da ƙwayar ta sake fashewa, ta yi maiƙo tana ƙyalli, sannan Baba ya juye ta a faranti, ya ja da baya yana murmushi.

"Ga gahawa," ya ce.

Ta niƙa kaɗan, ta haɗa, ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar. Tana da tarbiyya, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Lallai hannun ya daɗe a aikin. Za mu neme ku."

A hanya har sauri yake, ni ce ma nake binsa a baya. Yana ta zuba, wai yarinyar tana da hankali, koyarwa kawai ta rasa, wata guda ya ishe shi ya gyara mata hannu. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na kawo shi.

A ƙofar gida ya miƙo mini wayarsa.

"Sa mini ita a caji, ki ƙara mata ƙara, kada su kira ban ji ba."

Na karɓa na sa. Ban iya gaya masa cewa ko lambarsa ba ta tambaya ba.