Duwatsu Uku a Hanyar Tafki

Karo na uku ke nan Ishu yana tarar da an watsar masa da duwatsunsa. Ya ja birki a mararraba, tsakuwa ta yi ƙara a ƙarƙashin taya, ya sauke ƙafa ɗaya yana kallon ɓarnar. Jiya-jiyan nan ya jera su da hannunsa, uku-uku, fari a sama, don mai keke ya san inda zai sha kwana ya gangara tafki. Yau ga su nan, wani a rami, wani a gindin itace.

Karon farko birai ya ɗora wa laifi, don biran dajin nan ba su da ta-ido, har burodi suna fizgewa a hannun mutum. Amma biri ba ya sa takalmin roba, kuma ga sawun takalmin roba nan ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma yana da dalili. Shekara uku ya yi yana haɗa wannan hanya daga tsofaffin hanyoyin masu jan katako, kilomita sittin cikin inuwar itatuwan al'ul, babu mota ko ɗaya, sai tsakuwa da iska mai sanyi da tafkuna biyu. Ma'aikatan gandun daji sun yarje masa bisa sharaɗin ba fenti a jikin itace, ba ƙusa. Waya kuwa ba ta kamawa a can ciki, shi ya sa ya koma ga duwatsu. Jibi Asabar 'yan wata ƙungiyar keke su arba'in za su zo daga birnin Kazablanka su gwada hanyar. In ta yi musu, duk shekara za su riƙa zuwa, ya zauna a garinsu da sana'arsa. In suka ɓata a daji, sai dai ya tattara ya koma birnin Meknas yin facin keke a shagon wani, inda ya riga ya ƙarar da shekara ashirin.

Ya taka keken da ƙarfi yana bin sawun. Bai yi tafiyar minti goma ba ya hango mai aikin, tana tsaye a kan alama ta gaba, ta tattare zaninta tana shirin kai shuri. Tuda ce, yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yaya! Ke ce? Duk makon nan ina tsine wa birai, ashe a gidanmu birin yake!"

Ko juyowa ba ta yi ba sai da ta kai shurin. Farin dutsen ya gangara cikin kwari.

"Ga shi nan, sarkin matsattsen wando," in ji ta. "Sannu da zuwa. Ka iso a kan kari, saura alama goma sha ɗaya in watsar."

Ya jefar da keken da ko yaro ba ya bari ya taɓa. "Me na yi miki? Ke da mijinki kun ce ba zan yi wata uku a garin nan ba, na yi shekara uku, shi ne abin ya tsaya miki a wuya? Jibi nake da baƙi, jibi!"

"Baƙinka su ci kansu. Dubi abin da ka jera, Ishu. Buɗe ido ka duba. Nawa ne?"

"Uku mana."

"Wanne ne a sama?"

"Fari. Don a hango shi daga nesa. To sai me?"

"Wa ya koya maka jera dutse haka?"

Ya dubi sauran duwatsun da ke ƙasa. Babu wanda ya koya masa a Meknas. Yana ɗan shekara tara yake bin mahaifinsu, marigayi Akka, kowace bazara in dusar ƙanƙara ta narke. Akka shi ne amghar na ciyawa, wanda jama'a ke naɗawa ya rufe makiyaya har ciyawa ta yi ƙwari ta zubar da iri. Rufewar ita ake kira agdal, alamarta kuwa dutse uku, fari a sama. In ka gan su, dabbarka ba ta wucewa sai ranar da amghar ya buɗe da bakinsa. Kan Ishu ya manta da wannan tuntuni, hannunsa ne bai manta ba.

Amma mai fushi ba ya sauka da wuri, balle Ishu da taurin kai.

"Haba Yaya, wa ke bin wannan yanzu? Rabon da a naɗa amghar tun rasuwar Baba. Masu manyan motoci suna sauke tumaki dubu inda suka ga dama, wa ya taɓa tsayar da su da dutse?"

"Mutum ɗaya ke bi," in ji Tuda. "Innarmu."

Inna Hadda tana can a tantinta na rani a bayan dutse da tumaki talatin, ta ƙi saukowa gari duk magiyar da aka yi mata. Daga tantin zuwa tafki tafiyar rabin awa ce ta wannan hanya. Tuda ta ce kwana goma sha biyu ke nan tsohuwar tana zagaya dutsen gaba ɗaya, awa uku zuwa, awa uku dawowa, da gwiwoyin nan nata masu ciwo, don ta shayar da dabbobi a ɗaya tafkin. Tunkiya biyu sun yi ɓari a hanya.

"Ba ki gaya mata nawa ba ne? Ba ki ce mata na keke ne ba?"

"Na ce mata kai ka jera. Ban kai ga maganar keke ba ta rangaɗa guɗa. Je ka gaya mata sauran da kanka, ni ba zan iya ba. Na watsar, ta ce wanda bai jera ba ba ya buɗewa. Jiya ma da sandarta ta kore ni."

Ya ɗauki kekensa ya nufi tantin. Hawan dutsen nan da yake yi wa baƙi alfahari da shi, yau da haushi ya haye shi, yana zagin duwatsu, yana zagin Tuda, yana zagin mutanen Kazablanka da ba su san komai ba. A hanya ya shirya maganarsa tsaf. Zai ce mata kwana biyu kawai, Inna, ki wuce abinki, duwatsun ba na agdal ba ne, zamani ya canza. Jera wata alama daban a kilomita sittin kafin jibi kuwa ba mai yiwuwa ba ne, mako biyu wannan ta ci masa.

Ya same ta a bakin tanti, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum, ta ɗaure su da tsumma. Tana ganinsa ta yunƙura za ta tashi tsaye, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Zauna, Inna, don Allah zauna."

"Ina zan zauna amghar yana tsaye?" Ta kama hannunsa ta sumbaci bayansa. "Na san za su tuna da gidan Akka. Da na ga farin a sama na ce wannan hannun na san shi. Mutane suna cewa ɗanki ya lalace da wasan yara, na ce ku dai jira."

Ta zuba masa shayi. Duk maganar da ya shirya ta tsere masa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya rasa wanda zai yi fushi da shi.

"Ka ga wata marar kunya tana ta watsar maka da su," in ji ta. "Kada ka raga mata don 'yar'uwarka ce. Ubanka ni ma bai raga mini ba." Ta shafa gwiwarta. "Ba ƙorafi nake ba, ɗana. Ko wata biyu ka ce, zan zagaya. Tambaya ce kawai, saboda tumakin nan masu ciki. Yaushe za ka buɗe mana?"

A al'adarsu, amghar in ya buɗe, shi da kansa yake bi ya sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kada ya bar ko guda a tsaye. Ishu ya san haka, ya kuma san za ta bi hanyar gobe tana dubawa.

Ya ajiye kofin bai sha ba.

"Yau, Inna," ya ce. "Ciyawa ta yi. Yanzu zan fara saukewa."