Farar Giyar Ƙasar Sanyi

Tun a mota Zubair ya fara share fage. "Hajiya, tasting ne kawai, wato ɗanɗana giya. A kurkure baki a tofar, ba a haɗiyewa. Shugaban sashenmu ne ya shirya, in ban je ba sai a ce ba na shiga mutane."

Tun da Hajiya Daso ta baro Kano ta sauka wurinsa a Greensboro a bazarar 2006, abu ɗaya ke cin ranta: ɗan nan nata likita, yana sha ko ba ya sha? Shi ya sa da ya ce matar shugaban nasu ta gayyace ta, ta yafa mayafi ta riga shi fita.

Gidan shugaban, Dokta Malachy, a Summerfield yake, ga fili, ga dawaki suna kiwo bayan shinge. Aka ba ta lemo da kujera a inuwa, ta zuba ido tana kallon ikon Allah. Dattawa da furfurarsu, waɗanda ake miƙa wa cikin ɗan Adam su tsaga, sun kewaye tebur, kowa ya tsoma hanci a kofi kamar akuya ta samu dusa. A juya, a shinshina, a ɗaga wa rana, a kurɓa, a yi ta wasa da ita a kumatu, sannan a tofar. Ƙazanta ce tsagwaronta, an dai saya mata bokiti mai ƙyalli.

Da aka zaro wata doguwar kwalba siririya daga ƙanƙara, Zubair ya matso kusa da ita. "Wai wannan inabin a gangaren duwatsun Jamus yake fitowa, inda sanyi ke hana shi nuna da wuri. Shi ya sa take da ɗan tsami, da ƙamshin tuffa da na jiƙaƙƙen dutse."

"Jiƙaƙƙen dutse," in ji Hajiya. "Allah ya ƙara basira. Mu a garinmu abin da bai nuna ba ɗanye sunansa, kuma yaron da ya tsinko shi sai ya sha rankwashi."

Sai dai wannan "wai" ɗin bai kwanta mata ba. Mai gidan ko baki bai buɗe ba tukuna, to wa Zubair yake fassarawa?

Ya koma tebur aka zuba masa. Hajiya ta raini yara a watan azumi, ta san mai kurkure baki ba bakinsa ake kallo ba, wuyansa ake kallo. Zubair ya kurɓa, ya lumshe ido. Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka. Ko yamutsa fuska bai yi ba, sai ma wata natsuwa irin ta wanda ya gamu da tsohon aboki. Sannan ya sunkuya kan bokiti ya tofar da yawu zalla, har da waigowa ya tabbata ta gani. Wannan ya fi shan ƙona mata rai: wato ita ce sakaryar da za a yi wa wasan yara.

Sun iso gida la'asar ta yi. Zubair ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma biyu a falo, ya tsaya a gaba zai ja su salla.

Hajiya Daso ta sunkuya ta naɗe tata.

"Hajiya, jam'in fa?"

"Yi taka, in yi tawa."

Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ta ta da kabbararta ita kaɗai.