Farantin da Na Sa wa Wuta

Masu gyaran titi sun haƙa kwata a ƙofar gidanmu, mai faɗi da zurfi, suka tafi suka bar ta. Baba kuwa a keken guragu yake, kuma ƙarfe tara na safiyar nan za a yi masa wankin ƙoda. Ya riga ya rasa na Litinin. Ranar mun gwada ɗaukarsa, robar da ke wuyansa ta motsa, jini ya ɓalle, nas ta hana mu sake ɗaga shi. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sama-sama.

Maƙwabcinmu Mai Tanki, tsohon da ya yi rayuwarsa yana ƙera tankin mota, shi ya ara mana faffaɗan farantin alminiyam, irin na ƙera tanki, mu yi gada. Faranti mai kyau, sai dai ya ɗan gantsare a tsakiya. Ni maƙeri ne, a hannun Baba na koya. Da sassafe na kunna wutar gas na bi tsakiyar da ita don in miƙar. Ina ta jira ya yi ja, bai yi ba. Da na gaji na miƙar da shi, na kwara masa ruwa don ya yi tauri, yadda muke yi wa ƙarfe.

Muka ɗora shi a kan kwatar. Ina taka tsakiya ya lotsa kamar kwali.

"Sannu, injiniya," in ji Yaya. Ba dariya take ba.

Na ruga na kira Mai Tanki. Ya shafa wurin, ya dube ni.

"Wuta ka sa masa?"

"Kaɗan, Kawu. Ai na ba shi ruwa."

"Ka ba shi shayi ma. Ɗana, wannan ba ƙarfenku ba ne. Alminiyam ne da aka gauraya da magniziyam, taurinsa daga matsa yake zuwa. A sanyinsa injin ke murza shi har ya yi ƙarfi. Wuta ta kwance wannan, ruwa kuma ba ya mayarwa."

Daga cikin zaure Baba ya ce, da ƙyar, "Kada ka yi masa faɗa. Ni na koya masa."

Takwas da kwata. Direban da muka kira yana tsallake yana danna hon.

Mai Tanki ya ce mu naɗe gefunan biyu sama, a sanyi, su zama haƙarƙari. "Sau ɗaya ake lanƙwasa shi. Kana lanƙwasawa yana ƙara tauri, ka ce za ka mayar, ya tsage." Muka danne shi da katako, na bi da guduma a hankali. Gefe ɗaya ya yi daidai. Na biyun garin sauri na zarce, kafin tsohon ya yi magana na buga na mayar. Na ji ƙas. Tsaga kamar tsawon yatsa, daidai inda na ƙona.

Haka muka mayar da farantin kan kwatar. Hon ya sake tashi.

Na cire takalmina na sauka cikin kwatar. Ruwan ya kai mini gwiwa, wari kamar me. Na duƙa ƙarƙashin farantin, na dafa gwiwoyina, na sa bayana a tsakiyar.

"Yaya, turo Baba."

"Kai, za ka karye!"

"Turo shi, don Allah."

Na ji tayoyin gaba sun hau. Farantin ya sauko ya zauna mini a kafaɗa, tsagar tana ƙara kusa da kunnena. Mai Tanki yana ta cewa a hankali, a hankali. Sai nauyin ya wuce ta kaina, ya sauka a wancan gefen.

Ban iya miƙewa nan da nan ba. Ina jin Baba yana tambayar direba ko akwai leda a motar, a shimfiɗa mini a kujerar gaba.