Saƙon Maman Siddiq Ya Hau Dutse

Kafin watan Yulin nan, wuri mafi tsayi da Yasin ya taɓa hawa da ƙafarsa shi ne hawa na bakwai na gidansu a Saint-Denis, shi ma ranar da asansar, na'urar hawa bene, ta ƙi aiki ne. Ɗan Maraɗi ne, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Gyaran salula yake yi a wani ɗan butik a unguwar Barbès ta Paris, ƙarƙashin gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, kuma da zarar masu saye sun ɗauke ƙafa sai ya buɗe littafi ya nutse. Littattafan nan duk abu guda suka koya masa: in namiji zai faɗi maganar da ta cika masa ƙirji, to ya faɗe ta a wuri mai tsayi, iska tana kaɗa masa riga.

Wadda ta cika ƙirjin ita ce Maimouna, ma'aikaciyar jinya a Lyon. A wani biki suka haɗu a Aubervilliers, shekara guda ke nan suna waya. Sau biyu yana neman izininta ya turo magabatansa gidansu, sau biyu tana kashe maganar da dariya. A na uku ba ta yi dariya ba.

"Yasin, ba wai ba na son ka ba ne," ta ce. "Amma kai ba ka iya cewa a'a ba. Kowa ya aike ka sai ka tafi. In na aure ka, rabin Barbès na aura."

Ya so ya musa, amma a lokacin yana cikin metiro ne zai kai wa wani takalmin da ba nasa ba.

"Zo mu tafi dutse," ta ce. "Ni da ƙawata Inès za mu yi kwana biyar a Vanoise. Rana ta huɗu akwai wani mashigi tsakanin kawunan duwatsu, tsayinsa ya kusa mita dubu uku. In ka kai can da ƙafarka, ka sake tambayata, zan ba ka amsa. Sharaɗi ɗaya: jakarka kada ta wuce kilo goma."

Mashigi, mita dubu uku, iska. Yasin ya ji kamar don shi aka dasa duwatsun. Sati uku yana hawa matakalar gidansu yana sauka. Ya auna kowane kaya a ma'aunin mai sayar da yaji, har mariƙin buroshin haƙori ya yanke. Jaka ta tsaya a kilo tara da rabi. Ya kuma shirya jawabi mai sakin layi uku, ya haddace.

Sai dai mutum ba ya barin gari bai yi sallama ba. Da safen tafiyar ya biya shagon Hajiya Zouera, mai sayar da turare da atamfa, wadda ta riƙe shi kamar ɗa tun ranar da ya sauka Paris.

"Lyon za ka?" ta ce, fuskarta ta washe. "Allah ne ya kawo ka."

A gabansa ta haɗa kayan: atamfa turmi biyu, kilishi, daddawa, kuka, da kaskon turaren wuta na yumɓu naɗe cikin tawul. Ta ɗaure da igiya, ta liƙa takarda a kai.

"Na Maman Siddiq ne, ƙawata tun Tahoua. Ga lambarta nan. Hannu da hannu, ka ji? Kada ka ba ɗa, kada ka ba maƙwabci. Ka shiga gidan, ka zauna, ka gaishe ta."

"Hajiya, ai dutse za mu hau..."

"Dutsen gudu zai yi?"

"To, Hajiya," in ji Yasin.

Sallamar sauran maƙwabta ta cinye masa jirgin farko. Da ya sauka tashar Part-Dieu ta Lyon da rana tsaka, Maimouna ta riga ta aiko saƙo cewa suna waje cikin mota, minti goma suka rage. Ya kira lambar Maman Siddiq sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ya je ya tsaya gaban akwatunan ajiyar kaya na tashar yana kallonsu. Akwatin ƙarfe dai ba shi da hannu, kuma Hajiya hannu ta ce. In kuwa ya fita da ƙunshin nan a fili, Maimouna za ta ba shi amsarsa tun kafin a tayar da mota.

Sai ya yi abin da ya ga shi ne hankali. Ya zazzage jakarsa, ya fitar da babbar rigar sanyi, da suwaita ta biyu, da safar hannu, ya kulle su a akwatin. Saƙon kuma ya danna shi cikin jakar ya zuge.

Ranar farko gaisuwa ce ta kusa kashe shi. Shekara uku yana Paris babu baƙon da ya taɓa gaishe shi a hanya, ga shi nan kowa ya gilma sai ya ce bonjur. Zuciyar Yasin ta narke. Ashe Faransawa sun iya gaisuwa, a kan dutse suka ɓoye ta. Duk wanda ya ce masa bonjur sai ya ja ya tsaya, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi yara. Wata tsohuwa 'yar Grenoble ta yi minti ashirin tana ba shi labarin gwiwarta.

"Bonjur ɗin nan ba tambaya ba ce," in ji Maimouna da ya cim masu yana haki. "Ka ce bonjur ka wuce. Numfashin da kake rabawa za ka neme shi gobe."

Ya neme shi kuwa. Rana ta biyu itatuwa suka ƙare, hanya ta miƙe sama cikin tsakuwa, iska ta yi siriri kamar an tsinka ta da ruwa. Kyan wurin ya isa ya sa mutum kuka: wani tafki shuɗi kwance a gindin ƙanƙara, furanni ƙanana masu taurin kai suna leƙowa daga tsagar dutse, da Maimouna a gaba, gyalenta ja yana tafiya cikin farin gajimare. Yasin ya so ya haɗa mata jimla guda da ta dace da wannan. Abin da ya iya kawai shi ne ƙirga taku, ashirin ashirin, yana tsayawa. Igiyoyin jakar sun shige kafaɗunsa, gefen kaskon yana dukan ƙashin bayansa a kowane taku, kansa yana sarawa.

"Jakarka ta yi ƙiba," ta ce da suka zauna cin burodi.

"Tsayi ne. Na karanta cewa kaya suna kumbura a sama."

Ta dube shi, ta ci gaba da cin burodinta.

A gidan saukar masu hawa da suka kwana, inda mutum goma sha biyu suke ɗaki guda, daddawa ta fara bayyana kanta. Wani Bajamushe ya bi warin da hanci har gadon Yasin, ya tambaye shi cikin ladabi a wane ƙauye ake yin wannan cukwi, yana so ya saya wa matarsa.

Asiri ya tonu rana ta uku da la'asar. A ƙofar gidan sauka na gaba akwai ma'auni mai ƙugiya, na masu son su yi alfahari da rashin nauyin kayansu. Inès, wadda ba ta iya ganin abin wasa ta wuce, ta rataya tata: takwas. Ta Maimouna: tara. Kafin Yasin ya kai hannu ta sungumi tasa, ta kasa ɗagawa, mai gidan ya taimaka mata. Allura ta zagaya ta tsaya a ashirin da biyu.

"Buɗe," in ji Maimouna.

Ya buɗe. Ta duƙa ta karanta takardar da ke liƙe, ta sake karantawa, sannan ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da hannu. Kafaɗunta suna rawa, ya kasa gane ko dariya ce ko kuka.

"Yasin, ka san sunan yayana?"

Ya yi tunani. "Siddiq."

"Wannan lambar uwata ce. Gidanmu tasha biyar ne daga Part-Dieu. Ka ɗauko kayan uwata ka hau da su Vanoise." Ta leƙa jakar. "Ina rigar sanyinka?"

"Tana Lyon. Cikin akwati."

"Ka kulle rigar, ka ɗauko daddawar."

Mai gidan, mutumin kirki mai jan gemu, ya ce a bar kayan wurinsa, alfadarin da ke kawo masa abinci zai sauka da su kwari ranar Asabar.

"A'a," in ji Yasin. "Na gode, malam. Ba alfadari aka ba amana ba."

"To ba ni," in ji Maimouna. "Ni 'yarta ce, na karɓa."

"A'a. Hajiya ta ce kada in ba ɗa."

"Ni ɗiya ce."

"Ba na jin wannan zai fitar da ni a gaban Hajiya."

Inès ta juya baya tana cizon hannun rigarta. Maimouna kuwa ranta ya ɓaci da gaske. Ta ce gobe a mashigi sanyi zai sauka ƙasa da sifiri, ya kwance ƙunshin ya ciri atamfa guda ya yafa, uwarta ba za ta ce komai ba. Babu rezon waya a wurin balle a tambaye ta.

"A'a, Maimouna. Ranar farko da zan shiga gidanku, in miƙa wa mahaifiyarki zanen da na riga na yi gumi a ciki?"

"In ka daskare a hanya, wa zan ba amsar?" ta ce, ta shige ciki.

Da asuba ya yi alwala da ruwan da ya ji kamar ana yanka masa yatsu. Inès ta ba shi bargon gaggawa, irin mai sheƙin nan kamar takardar naɗe gasasshiyar kaza, ta ɗaure masa shi da igiyar takalmi. Haka ya kama hawa yana ƙara kwaras kwaras. Wajen rabin hanya iska ta fizge bargon, ya tsaya yana kallon sa yana tashi yana walƙiya har ya ɓace ta wajen Italiya.

Abin da ya rage bai san yadda ya yi shi ba. Taku goma, hutu. Taku biyar, hutu. Ƙanƙara ta kai idon sawu. Masu saukowa suna cewa bonjur, yana ɗaga musu gira. Sau ɗaya ya durƙusa ya ce a ransa shi ke nan, sai ya ɗaga kai ya hango jan gyalen a can sama, tsaye, bai motsa ba. Ya miƙe.

Ya iso mashigin. Duwatsu jere har ƙarshen gani, rana tana zuba a kansu, iska tana kaɗa masa riga daidai yadda littattafai suka yi alkawari. Ya buɗe baki zai fara sakin layi na farko, haƙoransa suka hau kaɗawa, babu kalmar da ta fito.

Maimouna ba shi take kallo ba. Salularta ta ɗaga sama tana juyi, har ta kama rezo. Ta kira, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Inna, ina tare da mai saƙonki."

"Shina ina?" in ji muryar Maman Siddiq. "Kwana huɗu ina dafa shinkafa ina jira. Zouera ta ce ta aiko mini wani yaro in duba mata shi da kyau, ta ce akwai magana."

"Ya kira ki sau huɗu."

"Shi ne mai lambar nan? Na ɗauka masu tallan tagogi ne."

Maimouna ta zayyana mata komai, har akwatin ƙarfe da alfadari. Sai aka ji tsohuwar tana kiran wata ta zo ta ji.

"Ba shi wayar," ta ce da ta gama dariya. "Ɗana, sannu da hanya. Ina gajiya?"

"Ba-ba ga-gajiya, Inna."

"Ƙarya kake. Saurara. Na karɓi saƙona, da bakina na karɓa, shaidu sun ji. Kwance ka yafa zanen, ku ci kilishin. Kaskon kuwa ka kawo mini shi da hannunka, ina son in ga hannun."

Suka naɗe shi da atamfa turmi biyu, ɗaya kore mai zanen fankoki, ɗaya ruwan goro, har ka. Inès ta cusa masa kilishi a baki. Da yaji ya ratsa shi, jini ya dawo, ya nemi jawabinsa ya tarar babu ko layi.

"Maimouna," ya ce. "In turo su?"

Idanunta sun cika, ta ce iska ce. "Shekara guda ina jiran in ji ka ce a'a. Da ka tashi faɗa, sau uku a yini guda, biyu a kaina." Ta gyara masa zanen a wuya. "Turo su. Amma daga yau duk inda za ka yi sallama, tare za mu je."

Suna shirin gangarawa wani dattijo Bafaranshe ya matso, riƙe da sandunan tafiya guda biyu. Ya ce abokinsa ne ya manta da su, yana gidan saukar da ke ƙasa, ko malam mai kyakkyawar riga zai taimaka ya miƙa masa?

Yasin ya dubi sandunan, ya dubi Maimouna, ya cika ƙirji.

"A'a, malam," ya ce. Sannan ya ba shi haƙuri, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya juya ya kama hanya, fankoki suna kaɗawa a bayansa.

Dattijon ya tsaya da sanduna a hannu cikin iska. Maimouna ta yi taku goma, ta waiwaya, ta yi ajiyar zuciya. Ta koma ta karɓa.